Yadda za ka saka Taskwarrior a Linux, Mac, Windows da wayar Android

Taskwarrior wata ƙaramar manhaja ce ta ajiye jerin ayyukan da kake son yi, amma ba irin waɗanda aka saba da su masu hotuna da maɓallai ba ce, a cikin taminal take aiki, wato wannan baƙin allon da ake rubuta umarni a ciki. Ka rubuta layi ɗaya ta ajiye maka aiki, ka rubuta wani layin ta jero maka abin da ya fi matsa ka, shi ke nan. Paul Beckingham ne ya fara ta a 2006, kyauta ce, lambobinta a buɗe suke a GitHub, shafin da masu furogiram ke ajiye aikinsu, ƙarƙashin GothenburgBitFactory, ba ta tambayar imel ɗinka, ba ta nuna talla, kuma da zarar ka gama saka ta ba ta sake cin datarka ko kaɗan sai in kai ne ka ce ta haɗu da wata na'ura. Wannan na ƙarshen shi ya fi jan hankalina gaskiya, domin manhajar da sai da intanet za ta buɗe maka jerin ayyukanka ba ta da amfani ranar da sabis ya ɗauke ko data ta ƙare.

Saka ta kuwa layi ɗaya ne a yawancin kwamfutoci. Inda mutane ke cin karo da matsala wuri uku ne: sunan da za ka kira ta da shi wajen saukewa ya bambanta daga tsari zuwa tsari, akwai siga biyu da ke yawo wato ta 2 da ta 3 kuma ba iri ɗaya suke ajiye bayanai ba, sannan mutum bai san inda ayyukansa suke kwance a cikin na'urar ba sai ranar da ya goge su. Za mu bi su duka.

Wani abu tun kafin mu fara. Sunan manhajar Taskwarrior, amma umarnin da za ka riƙa rubutawa kullum shi ne task kawai. To akwai wata manhaja daban ta masu rubuta furogiram da ita ma umarninta task ne, wasu wuraren suna kiranta go-task, aikinta gudanar da umarnoni daga fayil mai suna Taskfile, ba ta da alaƙa da tamu ko kusa. In ka saka wani abu ka rubuta task sai ka ga yana ƙorafin bai ga Taskfile ba, to waccan ka sauke, cire ta ka dawo nan.

Linux

Nan ne gidanta, kuma nan ya fi sauƙi. Buɗe taminal, a Ubuntu da Linux Mint danna Ctrl da Alt da T a tare. In kana kan Ubuntu, Debian, Mint, Zorin, Kali ko duk wani ɗan gidan Debian, fara da sabunta jerin manhajoji:

`sudo apt update`

Zai tambaye ka kalmar sirri, kuma yayin da kake rubutawa ba za ka ga komai ba, ko tauraro ba zai fito ba, ba wai kibod ɗinka ya lalace ba ne haka aka tsara shi, ka rubuta kawai ka danna Enter. Bayan ya gama:

`sudo apt install taskwarrior`

Lura da sunan, taskwarrior ne cikakke a nan. In ya tambaye ka ko ya ci gaba ka danna Y. In ya ce maka Unable to locate package, galibi ko ka tsallake apt update ɗin ne, ko kuma a Ubuntu rumbun universe ne ba a buɗe ba domin a can manhajar take, sai ka rubuta `sudo add-apt-repository universe` ka sake gwadawa. In kuma ya ce Could not get lock, kwamfutar ce take sabunta kanta a bayan fage, ka ba ta 'yan mintuna, kada ka je kana goge fayilolin lock saboda wani ya ce haka ake yi, hanya ce mai sauƙi ta lalata apt.

Fedora sunan ya gajarta: `sudo dnf install task`. Arch, Manjaro da EndeavourOS ma haka, `sudo pacman -Syu task`, na sa Syu ne ba S kaɗai ba saboda Arch ba ya son ka saka sabon abu a kan tsarin da ya daɗe ba a sabunta ba, sai dai ka sani zai ja data fiye da yadda kake zato in ka kwana biyu ba ka sabunta ba. openSUSE kuma `sudo zypper install taskwarrior`. Mai Chromebook, in ka kunna sashen Linux a cikin saitin, Debian ne ke ciki, sai ka bi hanyar apt ta sama.

Mac

Taminal yana nan a kowane Mac, danna Command da Space ka rubuta Terminal. Abin da babu shi ne mai sauke manhajojin taminal, shi ya sa kusan kowa ke saka Homebrew. Fara duba ko akwai shi da `brew --version`. In ya ce command not found to sai ka saka shi da wannan layin, shi ne dai wanda ke shafinsu na brew.sh, kuma ya fi kyau ka kwafo shi daga can da ka zauna kana rubutawa harafi-harafi:

`/bin/bash -c "$(curl -fsSL https://raw.githubusercontent.com/Homebrew/install/HEAD/install.sh)"`

Zai fara sauke kayan aikin Apple da ake kira Command Line Tools in babu su, suna da ɗan nauyi, don haka ka nemi wurin da intanet ke da ƙarfi kuma caji ya wadata. Yanzu ga wurin da da yawa ke tsallakewa. A Mac masu M1, M2 zuwa sama, Homebrew yana zama ne a `/opt/homebrew`, kuma taminal bai san da wannan wurin ba sai an faɗa masa. In ya gama shiga zai rubuto maka wani sashe mai taken Next steps da layuka biyu ko uku da yake so ka kwafa ka liƙa, mutane sai su rufe allon ba su karanta ba, daga baya su rubuta brew a ce babu shi. Ainihin layin da ake buƙata shi ne wannan, kuma a cikin fayil ɗin `~/.zprofile` yake zama don ya riƙa aiki duk lokacin da ka buɗe taminal:

`eval "$(/opt/homebrew/bin/brew shellenv)"`

Tsofaffin Mac masu Intel ba su da wannan matsalar. Daga nan sai:

`brew install task`

A Homebrew task ita ce tamu, go-task ita ce waccan ta masu furogiram.

Windows

Nan sai an ɗan yi haƙuri, domin Taskwarrior ba ta da fayil na .exe da za ka danna sau biyu ya shiga. An gina ta ne don dangin Unix. Hanyar da ta fi tsafta ita ce WSL, wani tsari na Microsoft da ke ba ka damar tafiyar da Linux a cikin Windows ba tare da ka raba faifan ajiyar kwamfutar ko ka goge komai ba. Ni dai ita nake ba kowa shawara, ba Cygwin ba, ba kuma ɗora VirtualBox gaba ɗaya saboda ƙaramar manhaja guda ba.

Fara sanin wane Windows gare ka. Danna maɓallin Windows da R, rubuta `winver`. Kana buƙatar Windows 11, ko Windows 10 siga 2004 zuwa sama, wannan 2004 ɗin lambar siga ce ba shekara ba, a 2020 ta fito. In naka Windows 7 ne ko 8 to WSL ba zai yiwu ba, gara ka sauka ƙasa ka yi a waya.

Nemo PowerShell a cikin Start, danna shi da maɓallin dama na maus ka zaɓi Run as administrator, sannan:

`wsl --install`

Zai kunna abubuwan da ake buƙata ya sauke Ubuntu, ɗaruruwan megabait ne, kada ka fara da ragowar data, kuma ka tabbata batirinka zai kai ko akwai wuta. In ya gama ka yi wa kwamfutar ristat. Da ta dawo Ubuntu zai buɗe ya tambaye ka sunan mai amfani da kalmar sirri, in bai buɗe da kansa ba ka nemo shi a Start. Sunan ka sa ƙananan haruffa ba tazara, kamar musa ko zainab, kuma ba dole ya yi daidai da na Windows ɗinka ba. Kalmar sirrin nan kuwa ka riƙe ta da kyau, ita sudo zai riƙa tambaya.

Matsalar da ta fi yawa musamman a laftof na hannu ita ce ya fito da kuskure mai lamba 0x80370102. Ma'anarta ba a kunna fasahar da ke barin kwamfuta ta ɗauki wani tsari a cikinta ba, kuma a BIOS ake kunna ta, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ya tashi. Kafin ka shiga can, danna Ctrl da Shift da Esc, je shafin Performance ka danna CPU, a ƙasa za ka ga Virtualization da Enabled ko Disabled a gabansa. In Disabled ne, kashe kwamfutar ka kunna, tana tasowa ka riƙa danna maɓallin shiga BIOS, a HP yawanci F10 ne, a Dell F2, a Lenovo ThinkPad F1. Nemo Virtualization Technology ko VT-x in Intel ce, ko SVM in AMD ce, mai da shi Enabled, ka adana ka fita. Shi kaɗai za ka taɓa, sauran abubuwan da ke wurin bar su yadda ka same su. In kwamfutar ta tsufa har ba ta da wannan zaɓin, akwai WSL na farko wanda bai buƙatarsa, ka rubuta `wsl --set-default-version 1` a PowerShell sannan ka sake saka Ubuntu, don ƙaramin aiki irin wannan ya isa.

Da ka ga taminal na Ubuntu ya buɗe da sunanka da alamar dala, to ka zama mai Linux, layuka biyun can na sama za ka rubuta, `sudo apt update` sai `sudo apt install taskwarrior`. A cikin Ubuntu fa, ba a PowerShell ba. Amma in kana cikin PowerShell kana son duba ayyukanka da sauri `wsl task list` zai kawo maka su.

Wayar Android

Da yawanmu waya ce kwamfutarmu, kuma tana iyawa sarai. Manhajar da ake buƙata Termux ce, taminal ce ta Linux a kan Android ba sai ka yi rutin ɗin wayar ba, tana son Android 7 zuwa sama. Ka sauke ta daga F-Droid, wani rumbun manhajojin Android daban da Play Store, ko daga shafinsu na GitHub. Ta Play Store ta tsaya ba sabuntawa tun 2020 saboda dokokin Google, wadda aka dawo da ita daga baya kuma ba daidai take da ta F-Droid ba, don haka don kauce wa ciwon kai ka ɗauki ta F-Droid. Wayar za ta nemi izinin saka manhaja daga wajen Play Store, ka ba ta. Buɗe Termux:

`pkg update`

`pkg install taskwarrior`

Babu sudo a nan. In saukewar ta riƙa katsewa ko ta ce ba ta samu rumbun ba, rubuta `termux-change-repo` ka zaɓi wani. A saman kibod ɗinka Termux zai sa wani layi mai Tab da Ctrl da kibiyoyi, kibiyar sama tana dawo maka da umarnin da ka rubuta a baya, a waya wannan yana rage wahala sosai.

Buɗewa ta farko, iri ɗaya ce ko'ina

`task --version`

Rubuta lambar da ta fito a wani wuri, za mu dawo kanta. Sai ka rubuta `task` shi kaɗai. Zai ce bai ga fayil na saiti ba, ko ya ƙirƙira maka `.taskrc`? Rubuta yes. Daga nan abu biyu sun samu a foldar gidanka: fayil ɗin `~/.taskrc` mai ɗauke da saiti, da folda `~/.task` inda ayyukanka za su zauna. Duk abin da sunansa ya fara da ɗigo ɓoyayye ne, `ls` kaɗai ba zai nuna shi ba sai `ls -a`. In ya riƙa tuna maka ka gudanar da `task news`, ka yi sau ɗaya ka karanta, zai daina.

Gwada aiki na farko:

`task add Sayo katin wuta`

Zai ce Created task 1. Ƙara wasu, wannan karon da ƙarin bayani:

`task add Biyan kuɗin makarantar yara due:friday priority:H project:gida`

`task add Kiran tela +waya`

due shi ne ranar da ya kamata a gama, priority muhimmanci ne kuma H, M ko L ake sawa, project rukuni ne da kai za ka raɗa wa suna, alamar + kuma laƙabi ne da za ka iya tace ayyuka da shi daga baya. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna shiga ba matsala.

Abin da zai ba ka matsala shi ne wannan alamar ta sama da ke cikin Juma'a, sa'a, jama'a, 'ya'ya. Gwada rubuta `task add Taron Juma'a` ka danna Enter, za ka ga babu abin da ya faru, sai wata alama > ta fito a sabon layi tana jiranka, a Mac za ta rubuta quote>. Ba laifin Taskwarrior ba ne, ita ba ta ma ga umarnin ba tukuna, taminal ne ya ɗauki alamar a matsayin buɗe zance yana jira ka rufe. Danna Ctrl da C ka fita. Maganin shi ne ka sa rubutun tsakanin alamun zance masu biyu-biyu:

`task add "Taron Juma'a da masu gida" due:friday`

Shawarata ka mai da wannan ɗabi'a, duk aikin da za ka ƙara ka kulle bayaninsa haka, ka bar su due da project a waje. Mu da muke rubutu da Hausa kusan kullum sai wannan alamar ta faɗo a jimla, ba sai ka tsaya kana duba ko akwai ta ba.

Don ganin jerin, `task list`, ko `task next` wanda ke jero su daga wanda ya fi gaggawa. Wannan jerin ba kai ke tsara shi ba, manhajar tana lissafa wa kowane aiki maki, ranar da ta matso tana iya ƙara har 12, muhimmancin H yana ƙara 6, M 3.9, L 1.8, laƙabin +next kuma 15, shi ya sa in kana son wani aiki ya haye can sama nan take sai ka rubuta `task 3 modify +next`. In kana son ganin yadda aka haɗa makin wani aiki, `task 3 info` zai warware maka shi dalla-dalla.

Gama aiki `task 1 done`. Gyara `task 2 modify due:tomorrow`. Ƙara ɗan bayani a ƙarƙashin aiki `task 2 annotate "ya ce a dawo bayan La'asar"`. Gogewa `task 4 delete`, zai tambaye ka ko ka tabbata. In hannunka ya zame, `task undo` yana mayar da canjin ƙarshe.

Ka kula da lambobin nan da kyau, ba na dindindin ba ne. Suna kamar layin ATM, na gaba ya cire kuɗinsa ya tafi kowa ya matsa. Ka gama aiki na 1, ka sake duba jerin, wanda yake 2 ɗazu ya zama 1, na 3 ya zama 2. Lambobin suna sauyawa ne lokacin da ka sake kiran jerin, don haka ƙa'idar mai sauƙi ce: ka yi aiki da lambobin da ke kan allon a jerin ƙarshe da ka gani, kada ka yi da wadda ka haddace tun safe.

Batun rana ma akwai ɗan abin lura. Sunayen ranakun da Turanci take gane su, monday zuwa sunday, da today, tomorrow, eod wato ƙarshen yau, eow ƙarshen mako, eom ƙarshen wata. In ka ce due:friday, farkon ranar take nufi, sha biyun dare, shi ya sa za ka tashi da safiyar Juma'a ka ga ta riga ta lissafa aikin cikin waɗanda lokacinsu ya wuce. In da lokaci kake so ka rubuta shi cikakke, shekara, wata, rana, sai T da lokacin, misali `due:2026-03-13T16:00`. Aikin da ke dawowa kowane mako kuma `task add "Duba lissafin shago" due:saturday recur:weekly`, recur ba ya tafiya sai da due. Akwai kuma wait da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa, `wait:eom` zai ɓoye aikin daga jerin har ƙarshen wata, don abin da ba yanzu za ka iya yi ba kada ya riƙa cika maka ido.

Tacewa kuwa kafin umarnin ake sa ta: `task project:gida list`, `task +waya list`, `task +OVERDUE list` don waɗanda suka wuce lokaci.

Siga ta 2 da ta 3, da inda ayyukanka suke

Yanzu mu koma kan lambar can. A 2024 aka fitar da siga 3.0, kuma an canza yadda ake ajiye bayanai gaba ɗaya. Ta 2 tana ajiye su a fayilolin rubutu, in ka leƙa `~/.task` za ka ga pending.data da completed.data da sauransu. Ta 3 kuma a fayil ɗaya na SQLite mai suna taskchampion.sqlite3. Ubuntu 22.04 da 24.04 da Debian 12 duk 2.6 suke bayarwa, to haka mai WSL ma zai samu in ɗayansu ne ke ciki, Homebrew da Arch kuma suna bin sabuwa. In na'ura ɗaya gare ka wannan bai dame ka ba, duk umarnonin da na kawo suna aiki a duka biyun, kuma 2.6 ba ta da wani aibu, ba sai ka wahalar da kanka neman sabuwa ba.

Inda yake damun mutum shi ne ranar da ya kwafi foldar .task daga Ubuntu ya kai Mac, ko ranar da tsarinsa ya sabunta manhajar daga 2 zuwa 3, ya rubuta task list ya ga wayam. Ayyukan ba su ɓace ba, sabuwar ce ba ta karanta tsohon tsarin kai tsaye. Hanyar da ke aiki tsakanin kowace siga ita ce ka fitar da su zuwa JSON, wani tsarin fayil ɗin rubutu da duka biyun ke karantawa, a tsohuwar:

`task export > ayyuka.json`

ka kai fayil ɗin sabuwar na'urar, sannan:

`task import ayyuka.json`

Kowane aiki yana da wata doguwar lamba ta dindindin a ɓoye da ake kira UUID, don haka ko ka shigo da fayil ɗin sau biyu ba za su ninku ba. Ka yi wannan fitarwar kafin babban sabuntawa, ba bayansa ba.

Kuma wannan layin na export shi ne ajiyarka ta ko-ta-kwana, a nan nake so mai Windows da mai waya su saurara da kyau. A WSL ayyukanka suna cikin Ubuntu ne, ranar da ka cire Ubuntu ko mai gyara ya yi wa kwamfutar fomatin sun tafi, kuma shi mai gyaran ko ya kwashe maka Documents da hotuna ba zai san da su ba. Faifan C ɗinka yana bayyana a `/mnt/c`, don haka ka riƙa turo kwafi waje:

`task export > /mnt/c/Users/SUNANKA/Documents/ayyuka.json`

ka sa sunan foldarka ta Windows a wurin SUNANKA. A Termux ma haka abin yake, ka cire manhajar ko ka danna Clear data komai ya tafi. Rubuta `termux-setup-storage` sau ɗaya ka ba ta izini, daga nan `task export > ~/storage/shared/ayyuka.json` zai ajiye fayil ɗin inda za ka gan shi a ma'ajiyar wayar, ka tura wa kanka a imel ko ka sa a filasha. A Linux da Mac kuwa akasin haka ne, ko ka cire manhajar da `sudo apt remove taskwarrior` ko `brew uninstall task` foldar .task tana nan ba a taɓa ta ba.

Haɗa waya da kwamfuta su riƙa daidaita kansu ta `task sync` yana yiwuwa, amma aiki ne na daban mai buƙatar saba, wato kwamfutar da na'urorin za su riƙa haɗuwa ta cikinta, ko ma'ajiyar girgije, kuma ta 2 da ta 3 ba sa jin yaren juna a nan, tsohuwar sabar taskd ba ta aiki da ta 3. In wannan kake nufi dole duk na'urorinka su zama siga ɗaya. Mai Ubuntu da ke son ta 3 zai iya gina ta da kansa daga GitHub, yana buƙatar build-essential, cmake, uuid-dev da sabon Rust, sai `cmake -S . -B build -DCMAKE_BUILD_TYPE=Release`, sai `cmake --build build`, sai `sudo cmake --install build`, amma ka fara cire ta apt kuma ka yi export tukuna. Ban ga dalilin da sabon shiga zai fara da wannan ba, ka yi wata guda kana amfani da ita a na'ura ɗaya ka ga ko ta zauna maka.

Ƙananan gyare-gyare biyu

Manhajar ayyuka ba ta da amfani in ba ka buɗe ta, kuma wannan ba ta yin ƙara, ba ta turo sanarwa. Dabarar ita ce ka sa jerin ya fito da kansa duk lokacin da ka buɗe taminal. A Linux, WSL da Termux fayil ɗin `~/.bashrc` ne, a Mac `~/.zshrc` tunda zsh ya zama na asali daga macOS Catalina a 2019. Buɗe shi da `nano ~/.bashrc`, a Mac `nano ~/.zshrc`, sauka can ƙasa ka ƙara layuka biyu:

`alias t=task`

`task next limit:5`

Danna Ctrl da O sai Enter don adanawa, Ctrl da X don fita. Rufe taminal ka sake buɗewa, ayyuka biyar mafi gaggawa za su tare ka, kuma daga yanzu `t add` ko `t 2 done` ya wadatar, mai rubutu da babban yatsa a waya shi zai fi jin daɗin wannan.

Na biyu launi ne. In rubutun yana wahalar karantawa, buɗe `nano ~/.taskrc`, za ka ga jerin layuka da suka fara da `#include` suna ƙarewa da .theme. Cire alamar # daga gaban guda ɗaya kawai, dark-256.theme in allonka baƙi ne, light-256.theme in fari ne, ka adana ka sake rubuta `task next`. In jerin yana karyewa a waya saboda allon ya yi ƙanƙanta, ka kwantar da wayar, ko ka matse allon da yatsu biyu rubutun ya ragu, ko ka yi amfani da `task ls` wanda ginshiƙansa ba su kai na list yawa ba.